Lungu Mai Faɗin Mota Ɗaya

Renata Kubiak ta haura shekara arba'in a duniya ba ta taɓa mallakar mota ba, a garin da ko burodi mutum zai saya sai ya tayar da inji. A Marlow, can cikin jihar Michigan, yaro yana cika sha shida ake damƙa masa makulli. Ita ma ta yi lasisi a lokacin, tare da 'yan ajinsu, kuma yana nan a jakarta. Duk sanda ya ƙare sai ta je ta sabunta, a ɗauke ta sabon hoto. Hotunan ne kawai suke tafiya: gashi ya gajarce, kumatu suka ciko, furfura ta fara leƙowa ta gefen kunne. Amma sitiyari, tun ranar jarrabawa ba ta sake riƙe shi ba.

Ba ta da buƙata, in ji Baba.

Baba shi ne Kazimir Kubiak, Kaz a bakin abokansa, waɗanda suka rage a raye. Duk ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a masana'antar haɗa motoci ta bakin kogi ya bar su, yana ɗaura ƙofofi a jikin motocin da ke wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Masana'antar ta rufe da daɗewa, ciyawa ta fasa simintin filinta. Amma akwai wani allon ƙarfe da ke kafe a ƙofar ofishin ƙungiyar ma'aikata, mai cewa ba a ajiye motar ƙasar waje a nan. Ranar da aka zo rushe ofishin, Baba ya je da sifana ya kwance allon, ya zo ya kafa shi a bakin lungun gidansa.

Lungun kamar na kowane gida yake a unguwar: siririn daɓen siminti da ya taso daga titi, ya bi tsakanin bangon gida da shingen maƙwabta, ya dangana da gareji a can baya. Faɗin mota ɗaya ne, ba ƙari. Garejin kuwa ya cika da ƙarafa da tsofaffin tayoyi, ko keke ba shi da wurin tsayawa a ciki.

Mama ta rasu Renata tana shekara goma sha tara. Yayanta Leonard ya riga ya yi aure, ya koma wani gari mai ɗan nisa. Ba wanda ya ce mata ta zauna. Abin da aka ce kawai shi ne, "kafin Baba ya saba." Ta zauna tana dafa miyar kabeji yadda Mama take yi, tana goge rigunansa, tana jiran ya saba.

An taɓa yin wani Glen da ke nemanta, malamin makaranta, mai ƙaramar motar Jamus. Zuwansa na farko ya shigo da ita lungu. Baba ya fito da tsumma a hannu, ya tsaya jikin allon, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"An ce mini kai malami ne. Ka iya karatu kuwa?"

Glen ya yi dariya, ya ja motar ya kai tsallaken titi. Ya yi ta zuwa yana tsallako titi da furanni a hannu, har wata rana ya daina. Renata ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta yi kukanta. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, a makon da ya daina zuwa ne ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ba ta tambayi kanta dalili ba. Renata gwana ce wajen sanin tambayar da ba a yi.

Aikinta a ɗakin wanki yake, a wani gidan kula da tsofaffi da ke tsallaken kogi. Tun da aka soke layin bas ɗin da ke zuwa can, Baba ne yake kai ta, shi ne yake ɗauko ta, a doguwar motarsa ruwan toka mai lilo a kan titi kamar kwale-kwale. Da yamma yakan iso tun ba a tashi ba, ya tsaya daidai tagar ɗakin wankin, ya bar injin yana ruri don ta san ya zo.

Yolanda, abokiyar aikinta, mace mai jiki da baki, sai ta leƙa taga ta ce, "Ke 'yar firamare, an zo ɗaukarki. Kar ki manta kwanon abincinki."

"Allah ya shirye ki, Yolanda."

"Ni ai na shiryu. Miji biyu na sallama da hannuna. Ke ce ko kwanar titi ba ki taɓa sha ke kaɗai ba."

Abin da Renata take so ba babba ba ne, shi ya sa take jin kunyar faɗarsa. So take wata Asabar ta tashi, ta ɗauki makulli, ta fita ba tare da ta ce wa kowa ga inda za ta ba. Akwai wani wuri a bakin babban tafki, inda ake sayar da soyayyen kifi a naɗe cikin takarda. Sau ɗaya ta je tare da Mama tana yarinya. Can take so ta je, ta zauna a mota, ta ci kifi tana kallon ruwa, ta dawo sanda ta ga dama.

Saboda haka ta shekara da shekaru tana zaɓen mota a wayarta. Ta san wadda giyarta ke mutuwa da wuri, ta san mai shan mai kamar rijiya, ta san wadda ake cewa sai dai mai ita ya gaji da ita amma ba ta gajiya. Ta san ba a sayen motar da aka wanke injinta fes, don wani abu ake ɓoyewa. Ba ta taɓa kiran ko mai sayarwa ɗaya ba. Zaɓen kansa ya zama mata wani ɗaki da take shiga ta turo ƙofa, kuma muddin ba ta gama zaɓe ba, ba wanda zai ce ta ƙi tafiya.

Sai idon Baba ya kawo ƙarshen wannan zama. Ya je sabunta lasisi, aka ce ya leƙa cikin na'ura ya karanta haruffa. Ya leƙa, ya ɗago, ya ce wa yarinyar da ke kan teburin gilashin na'urarsu ya yi datti. Ta goge. Ya sake leƙawa ya daɗe. Lasisin zai ƙare ranar zagayowar haihuwarsa, a tsakiyar kaka, kuma ba za a ba shi wani ba. Shugabar ɗakin wanki ta gaya wa Renata cikin taushin murya cewa tana tausaya mata, amma zannuwan gado ba sa jiran kowa. In babu abin hawa, babu aiki.

Ranar Lahadi Leonard ya zo cin abinci, abin da yake yi in an kira shi da babbar murya.

"Ni ban ga abin wahala ba," ya ce, bakinsa cike da dankali. "Ga mota a ajiye. Ba sai ta ɗauki taka ba, Baba?"

Baba ya ajiye cokali. "Tawa? Ka ga an fitar da gawata ne?"

"Haba Baba, wa ya yi maganar gawa?"

"Motar nan ba ta san hannun kowa ba sai nawa. Auta ba za ta iya da ita ba. Ta ɗora ta kan gada ta zuba mini ita a kogi?"

"To shi ke nan, a saya mata tata." Leonard ya juyo wajen Renata da fara'ar mutumin da ya hango hanyar tsira. Ta san abin da yake tsoro: kada a ce ya dinga tasowa daga garinsu kullum da safe. "Ƙanwata, abokina Duwen yana da wata. Ƙirar gida ce, daga irin waɗanda Baba ya ɗaura wa ƙofa. Kusan kyauta zai bar miki."

"Yaya, me ya sa zai bar ta kusan kyauta?"

"Saboda ni mana. Ke komai sai kin tona."

Suka je gidan Duwen su uku. Motar tana tsaye a kan ciyawa, ja, an goge ta tana ƙyalli. Renata ba ta kalli fentin ba. Duk wanda ya girma a Marlow ya san daga ƙasa mota take mutuwa, saboda gishirin da ake watsawa a titi duk lokacin ƙanƙara. Baba ya shimfiɗa kwali, ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta da sukundireba a hannu. Suna jin yana ƙwanƙwasawa. Can sai suka ji ƙarfen ya shige wani wuri ɓurum, tsatsa ta zubo kamar ɓawon gyaɗa.

"Wannan ai ba komai ba ne," in ji Duwen da sauri. "Duk motar garin nan haka take."

"Rufe mana baki, ɗan nan," in ji Baba daga ƙasa. "Ina ɗaura ƙofa uwarka tana goye da kai."

Da ya fito, tsatsa ta yi masa ja a gira da gashin baki. Renata ta miƙa hannu ta taimaka masa ya tashi, sai ta ga fuskarsa. Rabon da ta ga wannan hasken a fuskar tun Mama tana da rai.

"Za ta gyaru," ya ce, yana haki. "Bututun birki ya ci, salansa ta tafi, ƙasan kujerar baya sai an yi walda. Amma inji yana da rai. Kowace Asabar mu ɗan taɓa wani abu. In ta tsaya miki a hanya, ki kira ni kawai, in gaya miki inda za ki sa hannu. Kafin bazara mun mai da ita mutum."

Mu. Kowace Asabar. Renata ta tsaya riƙe da hannunsa mai sanyi, ta gane abin da ya gani a ƙarƙashin motar nan. Ba ƙirar gida yake nema mata ba. Mota yake nema wadda ba za ta iya rayuwa ba sai da shi. Ta ce za ta yi tunani. Leonard ya yi tsaki, ya ce mata ba su san alheri ba.

Washegari tana ninke zannuwa ta ba Yolanda labari. Yolanda ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba.

"Gwaggota ta dawo wajena daga Texas, can inda ba a ƙanƙara," ta ce. "Ƙafa ta hana ta tuƙi. Motarta tana ƙofar gidana tana tara ganye. Ƙarama ce, ta kwana biyu, amma ba ta taɓa ganin gishiri ba sai a miya. Coci da kasuwa kawai ta sani."

"Ƙirar ina ce?"

"Ke ma kin sani, tunda kika tambaya da wannan muryar. 'Yar Japan ce."

Renata ta san motar tun ba ta gan ta ba. Ita ce wadda ta fi dawowa kanta a waya duk shekarun nan, ta kalla ta wuce. Yolanda ta fara zuwa aiki da ita, lokacin hutun rana su zagaya filin ajiye motoci, Renata a kan sitiyari tana gumi.

"Taka mai mana! Ba gawa muka ɗauko ba. Birki, birki, ke! Kwandon sharar nan bai yi miki komai ba."

Hannun ya dawo da sauri fiye da yadda ta zata, har abin ya ɗan ba ta haushi. Ashe duk shekarun nan yana nan. Kafin ta biya, ta kai motar wajen wani bakanike a tsallaken kogi, wanda bai san sunan Kubiak ba. Tana tsaye ya ɗaga motar sama, ta ji kamar ta kwashe sirrin gidansu ta kai kasuwa. Ƙasan motar baƙi ne sumul, ko ɗigon ja babu. Bakaniken ya goge hannu ya ce, "Baiwar Allah, in ba ki so ki gaya mini, 'yata tana nema."

Ta saya, da abin da ta tara a shekarun da ba ta zuwa ko'ina.

Ba ta kawo ta gida ba. Ta ajiye ta a bakin titi, layi biyu daga gidansu, jikin katangar coci. Ta ce wa Baba Yolanda ce za ta dinga ɗaukarta a kwana. Ya dube ta da idon da ya fi gani, ya ce, "Mai bakin nan? To, Allah ya tsare kunnenki."

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Renata ta sani. Da safe ta taka zuwa jikin coci cikin busassun ganye, ta murɗa makulli, motar ta tashi tun kafin ta gama murɗawa. A kan gada takan buɗe rediyo ta yi waƙa da ƙarfi, da muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Wata rana da yamma ta bi wani titi don kawai ba ta san inda ya nufa ba. Amma bakin tafki ba ta je ba. Asabar ta farko ta ce hannunta bai gama faɗawa ba. Ta biyu akwai wankin labule. Ta uku Baba yana tari. Tafkin ai ba gudu zai yi ba.

A Marlow ba a ɓoye mota. Ranar Juma'a, a zauren coci inda ake cin soyayyen kifi, Renata tana ɗauko wa Baba faranti ta ji wani tsohon abokin aikinsa ya ɗaga murya daga teburin gefe.

"Kaz! Ashe an yi sulhu da Japan a gidanka ba ka gayyace mu ba?"

Aka yi dariya. Baba ya cire ƙaya daga bakinsa a hankali, ya ajiye a gefen faranti.

"Kai da jikanka yake hawa babur ɗin China? Ci kifinka, kafin haƙoran su faɗo ciki."

Aka sake yin dariya, ta koma kan wancan. A hanyar gida, suna tafe a ƙasa tana riƙe da gwiwar hannunsa, bai ce mata komai ba. Washegari ma haka. Ta yi ta jiran faɗan, faɗa bai zo ba, kuma shirun ya fi faɗan nauyi. Abin da ba ta lura da shi ba, shi ma jira yake yi, kuma ya fi ta sanin kalanda.

Da sanyi ya kama, sai ta tarar da takardar gargaɗi a maƙale a gilashin motar. Ta manta da dokar da ta sani tun tana yarinya, don ba ta taɓa shafarta ba: daga farkon hunturu har ƙanƙara ta narke, ba a barin mota ta kwana a bakin titi, saboda motocin share ƙanƙara. Wadda aka samu, janye ta ake yi. Ta tambayi mai kula da coci, ya ce filinsu sarƙa ake sa masa bayan addu'ar yamma. Ta tambayi maƙwabta biyu masu wuri a lungunsu. Dukansu 'yan masana'anta ne ko matansu. Ɗaya ta kama hannunta ta ce, "'Yata, ni da ke ba komai. Amma da wane ido zan kalli Kaz?"

Ranar Asabar suka zauna cin abincin yamma. Baba ne ya fara magana, yana yanka burodi.

"Jibi dokar titi za ta fara. Za su janye ta."

"Wa, Baba?"

"Auta, idona ne ya yi rauni, ba kaina ba. Koriyar motar nan mai kama da kwaɗo da ke jikin coci."

Ta sunkuyar da kai kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. "Na so in gaya maka."

"Kin kai ta wajen wani ya duba miki."

"Na kai."

Ya daɗe yana shafa man shanu a burodin, har gefe-gefe. "Ki shigo da ita," ya ce.

Ta ɗago.

"Amma ciki. Can jikin gareji, inda ba a hango ta daga titi. Tawa ta tsaya a baki ta rufe ta. Allon nan ba zan cire shi ba, kuma ba zan zama abin dariya a unguwar da na tsufa ba. In kin yarda, to."

Hawaye suka cika mata ido. Ta zagaya teburin ta rungume kansa, abin da rabonta da yi tun ranar jana'izar Mama. Mutumin da ya kori Glen zuwa tsallaken titi, yau shi ne ya buɗe wa 'yar Japan lungunsa, saboda ita. Ya ɗan bubbuga hannunta ya ce miya tana hucewa.

Ranar Litinin ta ba Yolanda labari. Yolanda ta tsaya da matashin kai a hannu.

"Tsaya, tsaya. Taki a ciki, tasa a baki?"

"E."

"Lungun naku mota nawa yake ɗauka a jere?"

"Ɗaya."

"To ta ina za ki fita, 'yar uwa? Ta sama?"

"Zai dinga matsar mini."

"Kullum?"

Renata ta ci gaba da ninke zani.

"Kai, tsohon nan!" Yolanda ta ƙyalƙyale da dariya, sannan ta daina. "Ki ɗauki makullinsa ki je a yanko miki wani. Yau ɗin nan. Kina jina?"

"Zan yi."

Haka hunturu ya shiga. Kullum da safe Renata takan share ƙanƙara daga motoci biyu, ta shiga tata ta tayar, ta zauna tana kallon tagar kicin ta madubi. Baba kuwa ya samu abin tashi dominsa. Yakan yi aski, ya sa rigar ulu da hular ƙungiya, ya sha kofinsa a zaune. Wata rana kofin ya yi zafi da yawa, sai an jira. Sannan ya fito a hankali, ya shiga doguwar motar, ya bar ta ta ɗumama yadda ya kamata, ya ja da baya zuwa titi, hannu ɗaya a kan kujerar gefe kamar mai shirin doguwar tafiya. Ta fita, ya ɗaga mata yatsu biyu, ya koma ciki. Da yamma kuma sai ta tsaya a titi ta danna hon, ya fito ya fitar da tasa, ta shige, ya rufe ta. In ta biya kanti, yana sane.

"Kin daɗe yau."

"Madara na tsaya saya, Baba."

"Akwai madara a firij."

Ba ta rasa aikinta ba. Motar ba ta taɓa ba ta kunya ba, ko a safiyar da sanyi ya kashe batir ɗin rabin unguwa. Leonard ya bugo waya ya ce ai ya faɗa, komai ya daidaita. Makullin Baba kuwa yana rataye a ƙusa jikin ƙofar kicin, inda yake tun tana yarinya. Kullum sai ta wuce shi. Yolanda ta tambaya sau biyu, ta uku ta dube ta kawai ta girgiza kai.

Wata Asabar rana ta fito fes a kan ƙanƙara, irin hasken da ke sa ido ƙwalla. Bayan abincin rana Baba ya yi barci a kujerarsa gaban talabijin, baki a buɗe. Renata ta sa babbar riga. Ta tsaya jikin ƙofar kicin, ta miƙa hannu ta zare makullin daga ƙusa. Bai fi nata nauyi ba.

Ta buɗe doguwar motar ta zauna a mazaunin direba, karo na farko a rayuwarta. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, tana warin man gashinsa. Abin da za ta yi kaɗan ne: ta ja da baya zuwa titi, ta fitar da tata, ta mai da tasa, ta rataye makulli. Kafin ya farka ta yi rabin hanyar tafki. Ta miƙa ƙafa, ƙafar ba ta kai birki ba. Dole sai ta ja kujerar gaba. Ta sa hannu ƙarƙashi ta taɓa ƙarfen da ake ja, mai sanyi, wanda ba a taɓa motsa shi ba tun ranar da aka sayi motar. In ta ja, ba za ta iya mai da kujerar daidai inda take ba. Gobe da safe yana zama zai sani.

To, in ya sani fa? Ba dukanta zai yi ba. Ba korarta zai yi ba. Zai zauna ne kawai a kujerar da ta daina zama tasa, ya gane cewa ko wannan ɗan aikin ba a buƙatarsa. Ta ce wa kanta saboda shi ne. Ta saki ƙarfen. Sai ta ji wani abu ya sauka a ƙirjinta, mai taushi, mai ɗumi, kuma ta gane shi. Shi ne abin da ta ji a makon da Glen ya daina zuwa. Wannan ya fi komai ba ta tsoro.

Ta koma ta rataye makullin a ƙusarsa. Ba ta cire rigar ba. Ta bi ta gefen doguwar motar a karkace, kafaɗarta tana gogar bango, ta shiga tata. Ta murɗa makulli, motar ta tashi nan take. Ɗumi ya fara hurowa a ƙafafunta. A gabanta ƙofar gareji ce mai ɓarewar fenti, a madubi kuma hancin motar Baba ya cika gilashin baya. Tankinta a cike yake.

Ba ta san daɗewar da ta yi ba sai da aka ƙwanƙwasa gilashi. Baba ne, da silifas a cikin ƙanƙara, bargo a kafaɗa. Ta sauke gilashin.

"Kina ƙona mai a banza. Ina za ki? In matsar miki?"

Bakinta ya buɗe. Sunan wurin yana nan a kan harshenta, da ƙamshin kifin da komai.

"Ba ko'ina, Baba. Ɗumama ta nake yi."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya karkata kunne yana sauraron injin, ya daɗe a haka.

"Ko ɗan tari ba ta yi miki da safe?"

"Ba ta yi."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baba."

"To," ya ce, ya ɗauke hannunsa. "Da sauran hunturu." Ya juya ya nufi ƙofar kicin, yana dafa bango. "In kin gama ki zo ki ɗora mana ruwan kofi."

Renata ta kashe injin.